Yaran firamare da wayar hannu: tambayoyin da iyaye a Kano ke yawan yi

Ɗana yana aji biyar, ya isa a buɗe masa Facebook ko TikTok?

Bai isa ba. Facebook, Instagram, TikTok da WhatsApp duk sun sa shekara 13 a matsayin mafi ƙarancin shekaru, ko ɗan aji shida ma yawanci 11 ko 12 yake. Sai dai yawancin yaranmu ba su da wayar kansu. Ta Umma ce ko ta Yaya suke ɗauka bayan an taso daga Islamiyya, don haka duk abin da ke cikin wayarki, yaron yana iya kaiwa gare shi.

To, me zan fara koya masa?

Abin da ba a gaya wa baƙo: cikakken suna, unguwa, sunan makaranta da lokacin tashi. Ko hoton da bajen makaranta ya fito a ƙirjin riga ya isa ya nuna wa mugu inda zai tsaya jira.

Sannan lambobin sirri, kuma nan ne aka fi cin mutane. Waya tana hannun yaro, wani ya kira da tattausar murya: "Yaro, ina Hajiya? Wata lamba ta shigo wayarta bisa kuskure, taimaka ka karanto min." Yaro mai ladabi sai ya karanto lambobi shidan nan da WhatsApp ke turowa don buɗe asusu a wata wayar. Shi ke nan, an ƙwace WhatsApp ɗin, kafin magariba ana bin dangi da saƙon neman rance da sunan Hajiya. Ku haddace masa amsa guda: "Bari in kira Umma." Ko mai kiran ya ce daga banki yake, amsar ke nan. Ku kuma ku kunna tabbatarwa mai mataki biyu a WhatsApp, wato ƙarin lambar sirri da ku kaɗai kuka sani, ba ta cin minti biyar.

Ladabi fa? Yaron da ke durƙusawa ya gaishe ni, ya zai yi rashin kunya a waya?

Saboda ba ya ganin fuskar wanda yake yi wa. Ɗan ajinsu ya faɗi a filin wasa yana kuka, wani ya ɗauka, a mai da shi sitika, a yi ta yawo da ita a guruf. Su a ganinsu wasa ne. Ku sa masa sharaɗi biyu: ba a ɗaukar hoton mutum sai da izininsa, kuma kafin ya tura magana ya tambayi kansa ko zai iya faɗinta a gaban Malam. Tura abin da aka turo maka don a yi wa wani dariya annamimanci ne, kuma yaro ya riga ya san hukuncinsa daga Islamiyya.

Idan ya ci karo da abin banza, ko wani babba yana masa saƙo a ɓoye?

Kada a fara da bulala. A ganina wannan ya fi duk sauran muhimmanci: yaron da aka zane don ya kawo ƙara, gobe ɓoyewa zai yi, masu lalata yara kuma da wannan tsoron suke aiki, "kada ka gaya wa kowa, za a dake ka." A gode masa da ya faɗa, a ɗauki hoton saƙon, a toshe lambar. Idan akwai barazana ko neman hoton tsiraici, a kai wa 'yan sanda. Dokar laifukan intanet ta 2015 ta haramta hakan.

Akwai manhajar da ke taimakawa?

Akwai YouTube Kids, da Family Link na Google mai ƙayyade lokaci da hana sauke manhaja sai da yardarku. Amma ba sa ganin abin da aka zuba a memori. Idan an sayo waya ta hannu a kasuwar waya ta Farm Centre, ko an kai ta wajen masu turi a cika ta da fina-finai, ku buɗe ku duba da kanku kafin ta shiga hannun yara.