Fasa dutse da ƙarfin ruwa don fiddo mai: me doka take karewa?

Akwai man fetur da gas da suke maƙale cikin dutse mai tauri, wanda ko an haƙa rijiya ba sa gudana. Dabarar fiddo su ita ce a haƙa ƙasa kilomita biyu ko uku, a karkata rijiyar ta tafi a kwance, sannan a tura ruwa da matsanancin ƙarfi har dutsen ya tsattsage. Ana haɗa ruwan da yashi, shi yake tokare tsagar kada ta rufe, da ɗan sinadari wanda galibi bai kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Kada ƙanƙantar ta ruɗe ka. Rijiya guda tana iya shan lita miliyan goma ko fiye, kashi ɗaya cikin ɗari na wannan kuwa tankoki ne.

Galibi ba can ƙasa inda dutsen yake fashewa ake samun matsala ba, don tsakaninsa da ruwan sha akwai nisa. A hanya take. Rijiyar sai ta ratsa ruwan da mutane suke sha kafin ta kai ga mai, shi ya sa dokoki suke tilasta a zura bututun ƙarfe a liƙe bayansa da siminti, a gwada shi kafin a fara aiki. In simintin ya tsage, gas yana iya bi ta nan ya shiga rijiyar gari. Sai kuma ruwan da yake dawowa sama, gishirinsa ya fi na teku, ga dauɗar sinadari. Ina za a kai shi? A jihar Oklahoma ta Amurka sun riƙa mayar da irin wannan ruwa cikin rijiyoyi masu zurfi, girgizar ƙasa ta yawaita, har aka yi mai ƙarfin 5.8 a garin Pawnee a 2016.

Kowace ƙasa da tata hanyar. A 2005 majalisar Amurka ta cire aikin fasa dutse da ruwa daga ƙarƙashin dokar tarayya mai kula da tura ruwa cikin ƙasa, sai in an sa man gas na mota (dizal) a cikin ruwan, ta bar wa jihohi. Jihar New York ta hana, Texas kuwa sai abin da ya ci gaba. Faransa ta haramta shi kwata-kwata a watan Yuli na 2011. Ingila ta dakatar a Nuwamban 2019, bayan girgiza mai ƙarfin 2.9 kusa da wata rijiya a Lancashire.

A Nijar, man Agadem da yake zuwa matatar SORAZ ta Damagaram tun 2011, kuma yake bin bututu mai tsawon kusan kilomita 2,000 zuwa bakin teku a Benin, yana cikin dutsen yashi ne mai barin mai ya gudana. Amma dokokin da za su hau kan duk wanda ya zo da wata dabara suna nan. Dokar man fetur ta 2017 ta ce abin da yake ƙarƙashin ƙasa na gwamnati ne, ko da gonarka ce a sama. Dokar 2018 kan binciken muhalli ta wajabta a yi nazarin illar aiki kafin a fara shi, hukumar ƙasa mai tantance nazarin muhalli, BNEE, ta duba, ministan muhalli ya ba da takardar amincewa. Cikin nazarin akwai jin ta bakin jama'ar wurin.

Wannan zama da jama'a shi ne ƙofar da talaka yake da ita, kuma sau da yawa a banza take tafiya. A tara mutane ƙofar mai gari, a karanto takarda da Faransanci, tafinta ya taƙaita, a raba goro, a sa hannu. Alhali tambayoyin ba su da wuya: daga ina za ku ɗebi ruwa, nawa? Wane sinadari za ku zuba, sunansa? Dattin ruwan ina za shi?

Babbar tambayar kuwa, a ganina, ita ce awon ruwa kafin a kafa ko ƙarfe ɗaya. In ba a ɗebi ruwan rijiyoyin gari an kai ɗakin bincike an ajiye sakamakon ba, ranar da ruwa ya canza kamfani zai ce da ma haka yake, kuma ba ka da abin nunawa a gaban alƙali. Mutanen Maradi ba sa bukatar a yi musu dogon bayani a nan. A Tibiri, ruwan famfo mai yawan sinadarin fuloraid ya lanƙwasa ƙasusuwan yara ya rina musu haƙora, ba batun mai ba ne ma, ruwa ne garai-garai da aka shekara da shekaru ana sha kafin a gane. Don haka kwafin sakamakon awon ya zauna a ofishin magajin gari da hannun mai gari, ba a akwatin kamfani kaɗai ba.