Don Allah a daina jefa gwangwanin fiya-fiya a wutar shara

Sanyi ya sauka a Jos, kuma mu da ke aikin wanke ciwo a asibiti mun san abin da ke biyo bayansa. Daga Disamba zuwa Janairu, da asuba ko bayan magariba, za ka ga an tara shara a bakin lungu an cinna mata wuta, yara sun kewaye ta suna jin ɗumi. Can sai a ji ƙara kamar an harba bindiga. Daga nan sai a shigo mana da yaro, fuska ta saɓule, gashin gira ya babbake, wani kuma ɓallin ƙarfe ya tsaga masa kunci saura ƙiris ya sami ido. In ka tambayi mahaifiyar, amsar ɗaya ce kullum: ai gwangwanin ya ƙare, babu komai a ciki.

Akwai, Hajiya. Maganin sauron ne ya ƙare, ko turaren, amma iskar da ke turo shi waje tana nan a kulle. Galibi dangin gas ɗin da ke cikin tukunyarki ta girki ce, mai kama wuta nan take.

Halin iska ba ɓoyayye ba ne. Tun 1834 wani Bafaranshe, Émile Clapeyron, ya tattara shi cikin lissafi guda, wanda 'ya'yanmu na sakandare ke haddacewa don jarrabawa: PV = nRT. Abin da yake faɗa a nan shi ne, in ka kulle iska a mazubin da ba ya buɗewa ka ƙara mata zafi, matsin da take yi wa jikin mazubin ƙaruwa yake yi. Daga digiri 27 zuwa 327, matsin ya ninka biyu, kuma wutar leda da roba tana wuce haka. Ga ɗan ruwan da ya rage a gindin gwangwanin, shi ma tafasa yake ya ƙara cika wurin. Tukunyar miya in ta tafasa murfinta ɗagawa yake tururi ya fita. Gwangwani ba shi da murfin da zai ɗaga, sai dai ƙarfen ya yage, ya tashi da wuta ya sami duk wanda ya fi kusa. Wa ya fi kusa? Ƙaramin yaron da ya tsuguna yana miƙa hannu.

Ku juya gwangwanin ku duba bayansa. An rubuta kada ya shiga zafin da ya wuce digiri 50, kada a huda shi, kada a ƙona shi ko da ya ƙare. Ko da ya ƙare! Masu yin sa da kansu suka faɗa, amma mu sai mu share shi tare da bawon lemo mu ba yaro ya kai bola ya sa ashana.

Na san sanyin garin nan ba wasa ba ne. Na san ba kowane lungu motar kwasar shara ke shiga ba, kuma uwa mai 'ya'ya da yawa ba ta da lokacin tsince shara ɗaya bayan ɗaya. Ban ga laifin mai neman ɗumi ba. Amma gwangwani guda nawa ne ke ƙarewa a gida a wata? Ware shi bai kai minti ɗaya ba, jinyar ƙuna kuwa makonni take ci, tabon kuma ya zauna.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne samarin da ke jefa shi da gangan, wai don su ji ya tashi kamar nokawut, manya na zaune a benci suna dariya. Haba Malam! Kana gani, ƙanensa na tsaye a gefen wutar, ba za ka tsawata ba? In ido ya tsiyaye ba mu da wanda za mu mayar masa.

To ga abin yi, a gurguje:

- A ajiye gwangwanayen da suka ƙare a buhu daban, a inuwa, inda yara ba sa kaiwa, kada su haɗu da sharar ƙonawa.
- Kada a huda su da ƙusa, kada a buga su da dutse.
- Tukunyar gas ma haka: nesa da murhu, nesa da janareta, ba a barin ta a rana ko a but ɗin mota.
- In ƙuna ta faru, a zuba ruwa mai sanyi mai tsabta na minti 20. Ban da ƙanƙara, ban da ɗanyen ƙwai, manja, gishiri ko man goge baki. Su ne ke ba mu wahala wajen wankewa, su kuma jawo ruɓa.
- Ƙuna a fuska ko hannu, ko wadda ta fi tafin hannun yaron faɗi, asibiti kai tsaye.
- In ƙarfe ya shiga ido kada a ciro, kada a murza. A kifa kofi mai tsabta a kai, a ɗaure a hankali, a nufi babban asibiti kamar asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) ko Plateau Specialist a wannan sa'ar, kada a ce sai gari ya waye.