Ƙarin ruwa: me ke cikin ledar, kuma don me ake ƙirga ɗigonta

A bakin ɗakin majinyata, ko a babban asibitin jihar Maradi ko a ƙaramar likitar ƙauye da ake kira CSI, tambayar da dangi suka fi yi ita ce: "An sa mishi ruwa?" Bayanta sai "Leda nawa ya sha?" Mutane da yawa na ɗaukar ƙarin ruwa a matsayin abin ƙara ƙarfi, har wani kan ji an rena majinyacinsa idan an sallame shi ba a rataya masa leda ba. A wurin ma'aikacin jinya kuwa, ƙarin ruwa magani ne kamar kowane magani. Yana da iri, yana da awo, yana da gudun da zai shiga jiki da shi, kuma idan aka kuskure ɗaya daga cikin ukun nan yana iya kashewa.

Ruwa ya kai kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin babban mutum, wato mai kilo 60 na ɗauke da wajen lita 36. A jariri kason ya fi haka, shi ya sa zawon yini ɗaya kan kayar da shi. Wannan ruwa ba irin na randa ba ne, narke yake da gishiri iri-iri, biyu daga ciki suka fi damun mu a ɗakin jinya. Sodiyom, wanda ke cikin gishirin miya, shi ke riƙe ruwa a cikin jini da kewayen ƙwayoyin jiki. Awonsa na lafiya a jini 135 zuwa 145 ne na milimol (ma'aunin da ake auna gishirin jini da shi) a lita. Potasiyom kuma mazauninsa cikin ƙwayoyin ne, a jini ɗan kaɗan ne, 3.5 zuwa 5, amma da shi tsoka ke motsi, da shi zuciya ke bugawa daidai. Idan likita ya ce "ruwan jikinsa ya ƙare", ruwan da gishirin ne suka tafi tare, kuma tare ake mayar da su.

Hanyoyin fitarsu sanannu ne a nan: zawo da amai, zufar bazara a watannin Afrilu da Mayu lokacin da zafi ke haura digiri 40, masassara, ƙuna, zubar jini wajen haihuwa, da yawan fitsarin mai ciwon sukari. Kwalera ta fi kowa gaggawa. Wadda ta ɓulla a yankin Madarunfa a daminar 2018 ta nuna wa ma'aikata yadda babban mutum ke iya zubar da kusan lita guda a awa ɗaya, ya shigo da ƙafarsa da safe, kafin azahar an kasa jin bugun jijiyarsa.

Gane wanda ruwansa ya ragu aikin ido da hannu ne kafin a kai ga gwajin jini, wanda dama ba kowace likita ke da na'urarsa ba. Ana duba ko idanu sun faɗa, ko maɗigar jariri ta lotsa, ko harshe ya bushe, da yaushe rabonsa da fitsari. Ana miƙa masa ruwa a kofi a ga yadda zai karɓa: wanda ya wawure kofin yana sha da haɗama ruwansa ya ragu, amma wanda ya kasa sha, ya yi laushi, shi ne ke cikin haɗari. Sai a tsunkuli fatar ciki tsakanin cibiya da kwiɓi, a ɗaga ta na daƙiƙa ɗaya a saki. Idan ta ɗauki daƙiƙa 2 ko fiye kafin ta kwanta, rashin ruwan mai tsanani ne. Wannan gwaji yana yaudara a wurin tsoho, don fatarsa dama ta saki, kuma tsofaffi ba su cika jin ƙishirwa ba ko da jikinsu ya bushe. A wurinsu harshe, fitsari, rikicewar hankali da faɗuwar tansiyo idan sun miƙe tsaye sun fi faɗin gaskiya.

Mafi yawan masu zawo ba su buƙatar allura a jijiya. Baki ya isa, kuma ya fi aminci. Ƙullin SRO, wato garin gishiri da sukari da ake kaɗawa a sha, na Hukumar Lafiya ta Duniya na ɗauke da giram 2.6 na gishiri, giram 13.5 na gulukos, giram 1.5 na gishirin potasiyom da giram 2.9 na sitrat, an auna su don lita ɗaya cif. Hikimar haɗin ita ce hanji na jan sodiyom tare da gulukos ko da zawo na ci gaba, ruwa kuma ya bi su. Kuskuren da aka fi yi wajen kaɗawa ne. Uwa ta juye ƙulli guda a kofi ɗaya don ta ga ya fi ƙarfi: gishirin ya ninka, ya jawo ruwa daga jiki zuwa hanji, sodiyom ya hau, yaro ya fara jijjiga. Wata kuma ta zuba shi a babbar gorar ruwa mai lita ɗaya da rabi, ya tsinke. Wata ta ƙara sukari don yaro ya yarda ya sha, zawon ya ƙaru. Ba ya isa a faɗa da baki. Ma'aikaci ya kaɗa na farko a gaban uwar da mazubin da ta san girmansa, ya gaya mata abin da ya kwana ya wuni a zubar a sake sabo.

Awonsa haka yake. Yaron da bai nuna alama ba tukuna, idan bai kai shekara 2 ba, a ba shi mililita 50 zuwa 100 bayan kowane zawo. Daga shekara 2 zuwa 10, mililita 100 zuwa 200. Wanda ya fara nuna alama amma yana iya sha, mililita 75 ga kowane kilo cikin awa 4, wato yaro mai kilo 10 zai sha mililita 750, cokali-cokali, kowane minti ɗaya ko biyu. In ya yi amai a dakata minti 10 a ci gaba a hankali. Ba a tsayar da nono. A haɗa da zink, miligiram 20 kullum na kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga wanda bai kai wata 6 ba.

Idan an kai ga leda, ledojin ba ɗaya ba ne ko da duk farare ne a ido. Ringa laktat ya fi kusa da ruwan jini, yana da sodiyom wajen 130, ɗan potasiyom da kalsiyom, shi ake fara nema ga mai zawo mai tsanani. Ruwan gishiri mai kashi 0.9 yana da giram 9 na gishiri a lita, ba potasiyom ko kaɗan. Yana maye gurbin Ringa in babu. Gulukos mai kashi 5 kuwa sukari ne giram 50 a lita, babu gishiri. Da jiki ya ƙone sukarin sai ya zama ruwa tsura, ya bar jijiya ya shige ƙwayoyin jiki. Ba ya tayar da wanda tansiyonsa ya faɗi, kuma idan aka yi ta jera wa yaro shi, sodiyom ɗinsa na faɗuwa, ƙwaƙwalwa ta kumbura, a ga ciwon kai, amai, barci mai nauyi, sannan jijjiga. Abin takaici, shi ne wanda aka fi so a saka a gida da sunan maganin gajiya. Kuma sodiyom da ya faɗi ba a mayar da shi da gaggawa. Ɗaga shi fiye da milimol 8 zuwa 10 a lita a yini na iya lalata ƙwaƙwalwa.

Ga mai rashin ruwa mai tsanani daga zawo, ƙa'idar ita ce mililita 100 ga kowane kilo, kashi biyu. Wanda ya haura shekara ɗaya: 30 ga kilo cikin minti 30, sauran 70 cikin awa 2 da rabi. Jariri ƙasa da wata 12: 30 cikin awa ɗaya, 70 cikin awa 5. Ana komawa kansa kowane minti 15 zuwa 30 a taɓa jijiya, kuma da ya iya haɗiya a fara SRO. Wannan gudu na mai zawo ne kawai. Yaron da masassarar cizon sauro ta galabaitar, ba zawo, ba a tura masa ruwa haka. Wani babban gwaji da aka yi kan yara fiye da 3,000 a Kenya, Uganda da Tanzaniya, aka fitar a 2011, ya nuna tura ruwa da sauri ga irin waɗannan yara ya ƙara yawan mace-mace.

Lissafin ɗigo ba wuya. A tiyon da aka saba, ɗigo 20 ne mililita ɗaya. A ninka yawan ruwan da 20, a raba da mintocin da aka ba shi. Leda mai mililita 500 da za ta ƙare a awa 4 na buƙatar ɗigo 42 a minti. A awa 8, ɗigo 21. Tiyon jarirai ɗigo 60 ne a mililita, a karanta jikin ledarsa kafin a lissafa. Ana ƙirgawa da agogo minti guda cur, a rubuta lokacin farawa da na ƙarewa a jikin leda. Gudun kan canza da kansa idan majinyaci ya lanƙwasa hannu ko aka ɗaga ledar sama. Wani lokaci kuma mai jinya ne ke murza makunnin don ruwan ya ƙare a tafi gida, ba da mugunta ba, don ba wanda ya gaya masa haɗarin. Idan wurin allurar ya kumbura, ya yi sanyi ko ja da zafi, ruwan ya bar jijiya, a cire a sake wuri.

Inda hankali ya fi kamata ya tsaya a jihar nan shi ne yaro mai tamowa. Duk damina ɗakunan CRENI, inda ake kwantar da yara masu tamowa mai tsanani, na cika da su. Irin wannan yaro idonsa dama ya faɗa, fatarsa dama ba ta komawa, don haka alamomin da aka lissafa a sama duk suna nan ko ruwansa bai ragu ba. Zuciyarsa ta ƙanƙance ta yi rauni, jikinsa ya tara sodiyom fiye da kima ya rasa potasiyom. Ledar da za ta ceci ɗan'uwansa mai ƙiba, shi tana iya cika masa huhu cikin awa guda. Saboda haka ake tambayar uwa ko zawon ruwa-ruwa ne, da ko idon ya canza ne a ƴan kwanakin nan, a gwada nauyinsa na yau da na baya. Ana ba shi ReSoMal, irin SRO da aka haɗa don masu tamowa, ta baki ko ta tiyon hanci, wanda sodiyom ɗinsa 45 ne maimakon 75 na SRO, potasiyom kuma ya ninka: mililita 5 ga kilo kowane minti 30 na awa 2 na farko, sannan 5 zuwa 10 ga kilo a awa, ana karɓa-karɓa da F-75, madarar jinyar masu tamowa. Jijiya sai in ya suma ko ya kusa, hannuwa sun yi sanyi, bugu ya yi rauni, shi ma mililita 15 ga kilo cikin awa ɗaya, ma'aikaci na tsaye a kansa. Idan kwalera ce, SRO ake bayarwa, don sodiyom ɗin ReSoMal bai isa ba.

Alamar ruwa ya yi yawa takan fara daga numfashi. Ya ƙaru da 5 a minti, bugun zuciya ya hau, fatar ido ta kumbura, jijiyoyin wuya suka cika, tari ya taso, majinyaci ya ƙi kwanciya. Nan take a tsayar da ruwan, a zaunar da shi, a sa iskar oksijin in akwai, a kira likita. Masu ciwon ƙoda, masu ciwon zuciya da mai cikin da tansiyonta ya hau suna cikin wannan sahu. Haka mai jego da ta zo da kumburin ƙafa da haki bayan makonni tana shan kunun kanwa: kanwa cike take da sodiyom, jikinta ya riƙe ruwa, zuciyarta na iya zama ta gaza. Dangi za su ce ta yi rauni a sa mata ruwa, alhali cire mata shi ake buƙata.

Maganin sa fitsari irin su Lasilix na fitar da potasiyom, zawo mai daɗewa ma haka. Alamar ƙarancinsa: kasala a gaɓoɓi, wuyan yaro ya kasa tsayawa, ciki ya kumbura ya yi shiru, bugun zuciya na tsalle. Kwalbar potasiyom mai kashi 10 cikin 100, mililita 10, giram ɗaya ce, wajen milimol 13. Ba a taɓa tura ta kai tsaye a jijiya, tana tsayar da zuciya nan take. Ana zuba ta a leda, a jujjuya ledar sau da yawa don kada ta taru a ƙasa ta shiga a dunƙule, a rubuta a jiki, kada ta wuce milimol 40 a lita, kada gudunta ya wuce 10 a awa a ɗakin da ba na'urar duba zuciya. Kafin komai a tabbatar majinyacin na fitsari, don wanda ƙodarsa ta tsaya potasiyom taruwa yake yi masa. Shi ko dabino da ayaba sai an taƙaita. Kwalbar ta yi kama da ta ruwan haɗa allura, don haka majo nagari, wato shugaban ma'aikatan jinya na ɗaki, ba ya barin su a akwati ɗaya.

Duk wannan aiki ya rataya ne a kan takardar shiga da fita. A gefe guda ana rubuta kowace leda, kowane kofi, kunu, shayi, madara. A ɗaya gefen fitsari, zawo, amai da abin da ya fito ta tiyo. Babban mutum ya kamata ya yi fitsari aƙalla rabin mililita ga kilo a awa, mai kilo 60 ke nan mililita 30. Yaro mililita ɗaya ga kilo. Zufa da numfashi ba sa shiga gwangwanin awo, amma suna cin rabin lita zuwa sama a yini, a bazara da masassara fiye da haka sosai. Sikeli ke cike wannan giɓi: a auna majinyaci kowace safiya, lokaci ɗaya, sikeli ɗaya, tufafi iri ɗaya, don kilo ɗaya da ya ƙaru ko ya ragu cikin dare lita ɗaya ce ta ruwa. Inda ma'aikaci ɗaya ke riƙe da ɗaki guda da dare, mai jinya ce idonsa. A ba ta kofi mai alama da gora mai zane don fitsari, a ce mata: "Inna, duk kofin da ya sha ki ja layi ɗaya a nan, fitsarinsa kada a zubar sai na gani, kuma in numfashinsa ya canza ki taso ni ko ƙarfe nawa ne."