Sauyin launin dutse mai rai a tankin murjani

Dutse mai rai shi ne sunan da masu kiwon halittun teku a tankin gilashi suka ba gutsattsarin dutsen da ake ɗebowa daga tuddan murjani na ƙarƙashin teku, ko wanda aka daɗe da jiƙa shi a ruwan gishiri har halittu suka zauna a jikinsa. Dutsen kansa ba shi da rai. Ƙasusuwan murjanin da ya mutu tuntuni ne, sinadarinsa kalsiyam kabonet, dangin farar ƙasa, kuma duk jikinsa ƙofofi ne kamar soso. Ran da ake magana a kai na mazauna cikinsa ne: bakteriya, gansakuka iri-iri, soson teku, tsutsotsi da ƙananan ƙaguwa. Mazaunan nan suna yaɗuwa, suna mutuwa, wasu na maye gurbin wasu, don haka launin dutsen ba ya zama wuri ɗaya. Yakan koma ruwan ƙasa, ko kore, ko ja, ko fari, ko baƙi. Mafi yawan wannan sauyi ba cuta ba ne, alama ce ta irin halittar da ta fi ƙarfi a tankin a wannan lokaci. Kaɗan ne daga ciki ke nuna ruɓa ko guba.

Asali da amfaninsa

A 1961 wani mai kiwon kifi a Jakarta, Lee Chin Eng, ya bayyana yadda yake riƙe tankin ruwan teku da dutse da murjani da iska kawai, ba tare da matatar zamani ba. Daga baya masu kiwo a Balin ta Jamus suka haɗa dutsen da na'urar da ke fitar da datti ta hanyar kumfa da fitila mai ƙarfi, tsarin da har yau ake kira da sunan birnin. Babban aikin dutsen tace ruwa ne. Bakteriyar da ke samansa tana mayar da amoniyar kashin kifi ta zama naitirait, sannan naitiret. A can cikin ƙofofinsa, inda iskar oksijin ta yi ƙaranci, wata bakteriyar tana mayar da wani kaso na naitiret ɗin ya zama iskar naitirojin ya fice.

Shekaru da dama Fiji da Tonga da Indunusiya ne manyan wuraren da ake samo shi. Zuwa 1997 Amurka ta hana ɗebo shi daga ruwan tarayya da ke kewayen Florida, sai 'yan kasuwa suka koma zuba dutsen tudu a gindin teku su bar shi shekaru kafin su kwashe. A ƙarshen 2017 Fiji ta dakatar da fitar da nata. Tun daga nan yawancin sababbin tankuna da busasshen dutse ake fara su, fari fat, babu ko halitta ɗaya a kansa. Wannan ya ƙara yawan koke-koke game da launi, domin dutsen da ba kowa a kansa fili ne buɗaɗɗe, duk abin da ya fara sauka shi ke mamaye shi.

Launin da ake nema

Dutse mai lafiya yana sanye da ɓawo mai tauri, shunayya ko ruwan hoda ko ja. Wannan gansakukar murjani ce, daga rukunin Corallinales, wadda ke ajiye kalsiyam kabonet a jikinta. Ko an kankare ta da farce ba ta fita. Tana girma a hankali, kuma a kan busasshen dutse takan ɗauki watanni kafin ɗigo-ɗigonta na farko su bayyana, shi ma sai an shigo da irinta a jikin wani dutse ko kwanson katantanwa. Amfaninta ya wuce ado, domin inda ta rufe, gansakuka mai gashi ba ta samun wurin kamawa da sauƙi. Tana son ruwa mai kama da na teku: gishiri giram 35 a kowane kilo na ruwa, zafi tsakanin digiri 24 da 27 a ma'aunin Salshiyos, kalsiyam miligiram 400 zuwa 450 a lita, maganiziyam wajen 1,300, ƙarfin kabonet tsakanin 7 da 11 a ma'aunin dKH. Jajayen ƙananan tsiro masu tauri da ake gani a ƙarƙashin dutse kuwa sau da yawa Homotrema rubrum ce, halitta mai ƙwayar rai ɗaya, wadda ɓaraguzanta suka ba yashin gaɓar Bamuda launin hoda. Ba ta cutar da komai.

Ruwan ƙasa

Wannan launi ne ya fi rikita mutane, domin halittu biyu ne masu kama da juna a ido ke kawo shi, kuma maganin ɗaya yana iya ƙara wa ɗayar ƙarfi.

Ta farko daiyatom ce. A makonnin farko na sabon tanki takan lulluɓe dutse da yashi da gilashi kamar ƙurar harmatan, kuma da an goga yatsa ta tashi. Tana gina kwansonta da silika, wanda ke zuwa daga ruwan famfo ko sabon yashi. Idan silikar ta ƙare sai ta ja da baya da kanta, galibi cikin 'yan makonni. Idan ta ƙi tafiya a tsohon tanki, wurin da za a fara dubawa shi ne ruwan da ake haɗa gishiri da shi, da matatar da ke tsarkake shi, wataƙila ta gaji.

Ta biyu dainofilajelet ce, kuma ita ce ke sa wasu su kwance tanki gaba ɗaya. Tana da yauƙi kamar majina, tana jan zare, ƙananan ƙwayoyin iska na maƙale a jikinta. Da rana takan yi kauri, da asuba a tarar ta ragu. Abin mamaki a lamarinta shi ne ta fi bayyana a tankin da aka tsabtace fiye da kima, inda awon naitiret da fosfet, sinadaran da gansakuka ke rayuwa a kansu, ya sauka zuwa sifili, sauran halittun da ke gogayya da ita suka mutu da yunwa. Mai tankin da ya ɗauka datti ne ya ƙara tacewa, ƙara mata fili ya yi. Wasu jinsunanta, musamman Ostreopsis, suna da guba, kuma mutuwar katantanwa ɗaya bayan ɗaya na daga cikin alamunta. Akwai gwaji mai sauƙi: a ɗebi yauƙin da ruwan tanki a kwalba, a girgiza, a tace da takarda mai laushi, a ajiye ruwan a haske. Idan zaren ya sake haɗuwa, ita ce. Tantance jinsi kuwa sai da madubin hangen ƙananan halittu, kuma yana da muhimmanci: Ostreopsis tana barin dutse ta shiga ruwa da dare, don haka fitilar UV (mai hasken da ke kashe ƙananan halittu) da ruwa ke ratsawa tana kashe ta, amma Amphidinium mai zama cikin yashi ba ta cika fitowa ba. A kowane hali ana ɗaga abincin ruwan kaɗan, naitiret ya kai miligiram 5 zuwa 10 a lita, fosfet ya kusanci 0.05 zuwa 0.1.

Ja mai santsi

Shimfiɗa ja mai duhu, wani lokaci kore ko baƙi-baƙi, wadda ke ɗagowa a dunƙule kamar fatar da ke taruwa a saman kunu idan ya huce, sayanobakteriya ce. Ba gansakuka ba ce duk da kamanninta, bakteriya ce mai haɗa abinci da haske. Tana son lungun da ruwa ba ya gudu da inda datti ya kwanta. Ana zuƙe ta da siririn tiyo, a juya bakin famfo ya bugi wurin, a rage abincin kifi. Wasu na kashe fitila kwana uku. Magungunan kashe bakteriya irin su eritiromaisin suna share ta cikin kwanaki, sai dai idan sanadin yana nan takan dawo, kuma sau da yawa dainofilajelet ke gaje wurin da ta bari.

Kore

Busasshen dutse kusan kullum yakan yi kore kafin ya yi shunayya, kuma wannan koren da ya shiga jikin dutsen, ba ya gogewa, ba abin damuwa ba ne. Akwai ma gansakukar Ostreobium da ke huda kalsiyam kabonet ta zauna a ciki. Wanda ke zama matsala shi ne mai tsiro: Derbesia mai kama da gashi, Bryopsis mai kama da gashin tsuntsu, da Valonia mai kama da korayen duwatsun ado.

A nan fosfet ne kan gaba. Dutsen yana shan fosfet ya riƙe, sannan ya riƙa sakinsa a hankali idan na cikin ruwa ya ragu. Shi ya sa mutum zai auna ruwa ya ga babu komai alhali dutsen ya yi gemu: gansakukar tana shanye abin tun daga bakin ƙofa. Ana tuge ta da hannu, a goge da buroshin haƙori a bokitin ruwan gishiri, a sa ƙwayoyin tsatsar ƙarfe masu kama fosfet a matata. Katantanwa irin su Trochus da Turbo, da kifin Zebrasoma, da bushiyar teku, suna kiwo a kanta, amma sun fi son gajeriya a kan doguwa. Bryopsis ce mai taurin kai, yawancin waɗannan halittun ba sa cinta, kuma a 'yan shekarun nan an fi yaƙarta da fulkonazol, maganin da aka san shi da kashe ƙwayar fungas a jikin mutum.

Fari

Idan ɓawon shunayya ya koma fari kamar alli, gansakukar murjanin ce ta mutu ta bar ƙashinta. Yakan faru idan dutse ya daɗe a waje ya sha iska, ko aka sauya fitila zuwa mai ƙarfi dare ɗaya, ko zafin ruwa ya haura, ko ƙarfin kabonet ya faɗi. Idan aka gyara ruwan, sabuwa takan tsiro daga gefe. Fararen layuka masu kama da sawun kankara aikin haƙoran bushiyar teku ne. Farin gari da ke sauka bayan an zuba sinadarin kalsiyam da na kabonet da yawa lokaci ɗaya kuwa kalsiyam ɗin ne ya daskare ya fita daga ruwa. Ƙananan fararen ɗigo masu naɗi tsutsotsin tacewa ne, alamar tanki ya fara zama. Farin da ke da yauƙi a kan sabon dutse shi ne na ruɓa.

Baƙi

Hanci ya fi ido aiki a nan. Akwai soson teku baƙi mai rai, ba shi da wari. Amma baƙin tabo a gindin dutse, inda ya nutse a yashi, mai warin baragurbi, alama ce ta wurin da oksijin ya ƙare. Ruwan teku yana da salfet mai yawa, kusan miligiram 2,700 a lita, kuma bakteriyar da ba ta buƙatar oksijin tana mayar da shi haidirojin salfaid. Idan wannan iska ta haɗu da ƙarfe sai ta bar baƙin launi. Guba ce ga kifi, saboda haka ba a tona irin wannan wuri da ƙarfi a tankin da ke da halittu. Ana fitar da dutsen a hankali, a wanke shi a waje. Ɗaukewar wutar lantarki ta sa'o'i da yawa, musamman a lokacin zafi, na iya kawo haka, domin da famfo ya tsaya oksijin ke fara ƙarewa a cikin ƙofofi. Tabo ruwan goro kuma yakan nuna wani ƙarfe yana tsatsa a kusa. Dutsen da ya taɓa zama a tankin da aka yi wa kifi magani da jan ƙarfe ba a so a mayar da shi wurin murjani, ko da launinsa bai nuna komai ba, domin yana riƙe jan ƙarfen ya sake shi daga baya.

Gyaran dutse a waje

Sabon dutse da ya sha tafiya a kwali ana fara jiƙa shi a baho da ruwan gishiri da famfo da na'urar ɗumama ruwa. Ana cire mataccen soso, ana sauya ruwa, ana awo har amoniya da naitirait su koma sifili, wari ya zama na teku. Yakan ɗauki mako biyu zuwa shida. Tsohon dutse da gansakuka ta ci ƙarfinsa ana yi masa haka a cikin duhu, makonni ko watanni, har ta mutu da rashin haske, bakteriya kuma ta tsira. Masu sana'ar suna kiran wannan dafa dutse, kalmar da ta jawo haɗari, domin babu wuta a cikin aikin.

Tafasa dutse ko zuba masa ruwan zafi na iya tayar da falitoksin, gubar da ke jikin wasu nau'o'in Palythoa (halittu masu laushi, dangin murjani, da ke zama a kan dutse), wadda masana a Hawai suka fara warewa a 1971, kuma tana cikin mafiya ƙarfin gubar da aka sani a halittun teku. Tana shiga ta numfashi, ta ido, ta rauni a fata. A 2018, a ƙauyen Steventon na yankin Oksfod a Ingila, an kai mutum goma asibiti, har da 'yan kwana-kwana, bayan an goge dutsen wani tanki a cikin gida. Saboda haka ake sa safar hannu da tabarau, a yi aikin a fili.

Matakin ƙarshe shi ne jiƙa dutsen a ruwan bilic, wanda ke kashe duk abin da ke kansa, ko a asid ɗin haidirokulorik da aka sirka, wanda ke cinye saman dutsen tare da fosfet ɗin da ya maƙale. Ba a haɗa biyun, domin haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin. Bayan bilic ana ɗauraye dutsen sau da yawa, a jiƙa shi da sodiyam tayosalfet mai kashe kulorin, a shanya har warin ya tafi. Abin da ya fito daga wannan wanki busasshen dutse ne fari, kuma idan ya koma tanki zai sake bi ta ruwan ƙasa da kore kafin ɗigon shunayya na farko ya fito.