Yinyanghuo (Epimedium)

Yinyanghuo suna ne na maganin gargajiyar Sin da ake samu daga busasshen ganyen tsirrai na jinsin Epimedium, dangin Berberidaceae. Sunan ɗaya ne, amma tsirran da ke ƙarƙashinsa sun kai nau'i kusan 60, mafi yawansu a duwatsun Sichuan, Guizhou da Hubei.

Tarihi

An ambaci maganin a Shennong Bencao Jing, littafin da ake zaton an tattara shi wajen ƙarni na 1 ko na 2. Tao Hongjing, masanin magunguna ɗan Sin wanda ya rasu a 536, ya danganta sunan da awakin da ke yawan barbara idan sun ci ganyen. Tsofaffin littattafan dai ba su bambanta nau'o'in ba.

Wannan aiki ya fara ne a ƙarni na 19, ya bunƙasa a ƙarni na 20. William Stearn, masanin tsirrai ɗan Ingila, ya lissafa nau'i 21 a 1938. Ying Tsun-shen, masanin tsirrai ɗan Sin, ya bayyana Epimedium wushanense a 1975, sannan tafiye-tafiyen Mikinori Ogisu ɗan Japan a Sichuan suka fito da wasu, ciki har da Epimedium ogisui da Stearn ya raɗa wa suna a 1993. A 2002 lissafin Stearn ya kai 54.

Yadda ake tantance sabon nau'i

Fure ne hujja, kuma nan matsalar take, domin ganye ake kaiwa kasuwa. Dole mai bincike ya isa dutsen lokacin fure, tsakanin Maris da Mayu. Yana auna ƙahon da ke bayan kowane ɗaya daga ganyayen fure huɗu, ya gwada tsawonsa da na ganyayen da ke lulluɓe da su, ya duba gashin bayan ganye da madubin ƙara girma, ya haƙo saiwa ya ga ko mai yaɗo ce ko dunƙulalliya. Launin fure yana gushewa idan ya bushe, saboda haka a wurin ake rubuta shi.

Daga nan a danne tsiron a takarda, a busar, a kwatanta shi da samfuran ɗakunan adana tsirrai na Beijing da Kunming. Sunan ba ya tabbata sai an buga bayaninsa tare da ayyana samfuri guda da zai zama madogara. Tun daga 2012 ana karɓar bayanin da Latin ko Turanci.

Kuskure yakan zo ne ta hanyar gaurayar iri: nau'o'i biyu da ke maƙwabtaka suna haifar da tsiro mai kamannin tsaka-tsaki, a ɗauka sabo ne. Gwajin wani sashe na ƙwayoyin gado da ake kira ITS2, da ya yi amfani ga magunguna da dama, bai cika raba nau'o'in Sin ba, don kusancinsu ya yi yawa. Har yanzu ana saɓani kan wasu sunayen.

Amfani

Kundin magunguna na gwamnatin Sin ya amince da nau'i huɗu a matsayin yinyanghuo: brevicornu, sagittatum, pubescens da koreanum, ya ware wushanense daban. Ana auna ingancin ganye da sinadarai irin su icariin. Ana ba da shi don raunin maza da ciwon gaɓoɓi.