Gubar Dalma a Jinin Yaro: Me Ƙa'idar 5 da 45 Take Nufi?

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idar kula da wanda dalma ta shiga jikinsa. Lambobi biyu ne ginshiƙinta, kuma ma'auninsu maikirogiram ne a kowace desilita ta jini.

Idan gwaji ya nuna 5 ko sama, aikin farko shi ne a gano inda dalmar take fitowa a raba yaro da ita. A ƙauyukan zinariya na Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda yara kimanin 400 suka rasu a annobar gubar dalma ta 2010, dutsen ma'adini mai ɗauke da dalma ne ake kawowa cikin gida a daka a turmi ko a niƙa a inji, ƙurar ta kwanta a tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. A birni kuwa sai a duba wurin fasa tsofaffin batiran mota, da tsohon fenti, da kwallin dutse. Ƙa'idar ta kuma ce a ƙara wa yaro kalsiyam idan abincinsa bai wadatar ba, da maganin ƙarin jini idan sinadarin ƙarfe ya yi masa ƙaranci, domin hanjin da ya rasa waɗannan ya fi tsotse dalma. Ƙasa da 5 ma ba lafiya lau ba ne. Babu adadin da aka san ba ya cutarwa.

Daga 45 ne ake ba yaro ɗan shekara 10 zuwa ƙasa maganin da ke kama dalma ya fitar da ita ta fitsari, yawanci DMSA na sha. Tsakanin 40 da 44 likita ne zai auna. Yaron da ke jijjiga ko ya suma kuwa, a kwantar da shi nan take.

Sai dai jini ba ya faɗin duka labarin. Dalma tana ratsa ƙwaƙwalwa da hanta da ƙoda, sannan ta tare a ƙashi da haƙora: sama da kashi 90 cikin 100 a jikin babba, kusan 70 a jikin yaro. Rabin wadda ke jini kan ragu cikin wata guda, ta ƙashi kuwa sai ta shekara goma da ɗoriya tana ɗiga. Shi ya sa adadin kan sake hawa bayan an gama magani, dole a maimaita gwaji. Mai juna biyu ma ƙashinta kan saki tsohuwar dalma ta isa ga ɗan cikinta.

Kuskuren gwaji ya fi zuwa daga yatsan da ake ɗibar jini. In ba a wanke shi da sabulu ba, ƙurar fata za ta ɗaga sakamako, don haka ake tabbatarwa da jinin jijiya.

Babbar asarar ita ce a yi wa yaro magani a mayar da shi gidan da ba a tsabtace ba. A Zamfara, a lokacin annobar, likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sai an gyara gari suke fara raba magani: a kankare saman ƙasar gida, a kwashe a binne nesa, a zuba sabuwa. Mai aikin dutse kuma ya niƙa a bayan gari da ruwa, ya yi wanka ya sauya kaya kafin ya shigo gida ya ɗauki ɗansa.