Baurairai (Gloriosa superba)

Baurairai wani tsiro ne mai nannaɗe bishiya da shinge, yana fitowa da damina a yankuna masu zafi na Afirka da kudancin Asiya, idan rani ya shigo sai ya bushe ya bar saiwarsa a ƙasa tana jiran ruwa. A ƙasar Hausa akwai masu ce masa gatarin kurege, wasu kuma gudumar zomo, kuma duk wanda ya taɓa tono saiwar zai ga inda sunan ya dosa, don a lanƙwashe take kamar ƙota. Masanin tsirrai ɗan ƙasar Suwidin, Carl Linnaeus, shi ya raɗa masa sunan kimiyya Gloriosa superba a 1753.

Ba shi da wuyar ganewa. Bakin kowane ganye yana zarcewa ya zama ɗan siririn zare mai murɗewa, da shi yake kama duk abin da ya samu ya hau. Furen kuma kunne shida ne, gefensu a tattare, sun juya baya sun kalli sama kamar harshen wuta, yana farawa da ruwan ɗorawa-ɗorawa sai ja ya riƙa cin sa har ya rine. Shi ne furen ƙasa na Zimbabuwe, can doka ma ta ba shi kariya, haka jihar Tamil Nadu ta Indiya ita ma ta ɗauke shi furenta.

Amfaninsa a gargajiya

An daɗe ana magani da shi a Afirka da Indiya. Ana daka saiwar ko a matse ruwan ganyen a shafa don kashe ƙwarƙwata, ana ɗorawa a gaɓɓai masu ciwo da kumburi, da gyambo da cututtukan fata, wasu na amfani da shi wajen saran maciji. Sai kuma ɓangaren da ya fi haɗari, wato ba mace don gaggauta naƙuda ko zubar da ciki. A Najeriya da Senegal an sa shi a dafin kibiya, ka ga ashe mutanen da ma sun san ba abin wasa ba ne.

Abin da bincike ya gano

Sirrin baurairai wani sinadari ne da ake kira kolcisin, yana ko'ina a jikin tsiron amma ya fi taruwa a iri da saiwa. Wasu masu haɗa magani biyu na Faransa, Pelletier da Caventou, su suka fara ware shi a 1820, daga wani tsiron Turai ɗan'uwan baurairai. Aikinsa shi ne ya manne wa wani furotin mai suna tubulin, wanda ƙwayar halitta ke gina zaruruwan da take rabewa biyu da su, to da ya manne sai rabewar ta tsaya, fararen ƙwayoyin jini masu kawo kumburi su ma su kasa zuwa inda za su. Shi ya sa likitoci ke ba da shi a ciwon gawut, wannan da ke kumbura babban yatsan ƙafa cikin dare har mutum ya kasa jure taɓin mayafi, da wani zazzaɓin gado da aka fi sani a ƙasashen bakin Bahar Rum, da kumburin jakar zuciya. A 2023 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ƙwayar miligiram 0.5 a rana don rage haɗarin bugun zuciya ga wasu marasa lafiya. Masu kyautata iri su ma suna jiƙa tsiro da shi don ninka ƙwayoyin gado, ta nan kankana marar 'ya'ya ta samo asali.

Wato dai masu shafa shi a gaɓɓai ba shirme suke ba. Matsalar ita ce tsakanin adadin da ke warkarwa da wanda ke kisa tazarar kaɗan ce ƙwarai, ƙwayar asibiti ba ta wuce miligiram ɗaya ba, shi kuwa mai daka saiwa a turmi ba shi da yadda zai san nawa ke ciki, don ƙarfinta na bambanta daga tsiro zuwa tsiro.

Guba

Wanda ya ci saiwar, cikin 'yan sa'o'i zai ji baki da maƙogwaro na zafi, sai amai da gudawa ba ƙaƙƙautawa har ruwan jiki ya ƙare. Bayan kwana ɗaya zuwa uku gubar kan taɓa ɓargo da hanta da ƙoda da zuciya, a nan ake rasa mutane. Wanda ya tsallake kuma bayan mako ɗaya ko biyu sai gashin kansa ya zube, amma yana dawowa. A Siri Lanka asibitoci sun sha karɓar waɗanda suka dafa ta a zaton doya ce. Asibiti ba su da makarinta a hannu, sai dai gawayin asibiti idan an zo da wuri, da ƙarin ruwa da tallafa wa gaɓoɓin jiki, don haka ba a jiran alamu su tsananta kafin a tafi. Dabbobi ma tana kashe su.

Yanzu manoman Tamil Nadu na noma shi gona-gona, suna kafa masa abin hawa, su haɗa furen da hannu don ya yi 'ya'ya da yawa, su sayar wa kamfanonin magani da irin. A gaɓar tekun gabashin Ostireliya kuwa, inda aka kai shi don ado, ya tsere daga lambu ya zama ciyawar da ake faman kawarwa.